Allon yanka da takalmi mai tauri: in saya ko in ƙara haƙuri?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu a harkar nan. Hunturu biyu ke nan ina hawa sinobod, allon zamiya a kan ƙanƙara, da takalmi mai laushi, in aka haɗa kwanakin duka ba su wuce 14 ba, ina iya sauka shuɗiyar hanya, wato mai sauƙi, lafiya lau, jar hanya kuma da ta fi ta gangare ina lallaɓawa. To bara a tsaunin Kronplatz na Italiya da sassafe ina kan lif, abin da ke haurawa da mutane sama, na hango wani dattijo yana saukowa da wani siririn allo dogo, takalminsa irin na roba mai tauri kamar na masu siki, wallahi ko ƙurar ƙanƙara ba ya tayarwa, in ya shiga kwana sai ka ga ƙugunsa ya kusa taɓa ƙasa, bayan ya wuce layi ɗaya tak ya bari siriri kamar an ja da reza. Ashe shi ake cewa yanka, wato a sha kwana a kan bakin allo ba tare da ya sulɓe ba. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Yanzu na samu allon Kessler na hannu, tsawonsa santimita 185, mai shi ya ce na gasa ne kuma bai sha wuya ba. Nauyina kilo 68, tsayina mita 1.72. In ɗauka ne ko yaya?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumussalam ƙanena. Kar ka ɗauka. Allon ba shi da laifi, Kessler dai kowa ya san aikin Siwizalan ne kuma masu cin gasa na hawansa, amma 185 allon babban silalom ne, gasar gudu ta zagaye tutoci, ba a yi shi don mai kwana 14 ba. Ka ɗauki allonka ka kalli gefensa, za ka ga ba miƙaƙƙe ba ne, ya lotsa a tsakiya kamar an yanko shi daga wata babbar da'ira. Girman da'irar nan shi ke faɗa maka irin kwanar da allon yake so. Naka na yanzu bai fi mita 7 zuwa 8 ba, wancan 185 ɗin kuwa yana kusan mita 20. Ma'ana kafin ya yarda ya lanƙwashe ya zagayo da kai sai ka ba shi gudu sosai da fili mai faɗi, kai kuma a lokacin da gudun ya kai yadda allon yake so tsoro ya riga ya kama ka, ka koma baya ka zauna a wutsiya, shi ke nan allo ya ɗauke ka ya nufi bakin hanya. Nemi wanda ke tsakanin 163 da 170, mai da'ira mita 10 zuwa 13, ƙugunsa, wato faɗin tsakiyarsa, kamar santimita 20 ko 21. Da shi za ka sha kwana sau goma a inda wancan zai ba ka huɗu, kuma yawan shan kwana shi ne koyo.

Ɗan Gangara:
Ni fa ban ma yarda da tushen maganar ba, Yaya ka yi haƙuri. Wa ya ce sai da takalmi mai tauri ake yanka? Ku je ku kalli abin da 'yan Japan da Koriya ke yi da takalmi mai laushi, allo mai faɗi, a juya ƙafafu gaba kamar digiri 36 da 27, mutum ya kwanta har hannunsa na shafar ƙasa. Yaron nan ya sayi allo sabo, takalmi sabo, maɗaurin takalmi a allo sabo, alhali bai taɓa zana layi ɗaya da wanda ke hannunsa ba. Matsalarsa ba ta kaya ba ce. Kuma takalmi mai tauri in ƙanƙara ta yi tsibi-tsibi da rana ko sabuwa ta zubo mai zurfi ai wahala ce zalla, ka tashi da allon da ba ya amfani sai awa biyu na safe.

Tsohon Hannu:
Rabin maganarka gaskiya ce, na karɓa. Wanda bai iya yanka da mai laushi ba, mai tauri ba zai koya masa ba. Amma awa biyu na safe da ka ce, a'a. Shekaru na yi a kan mai tauri tun buɗe lif har rufewa. Bambancin yana gefen diddige, wato bakin allo na ɓangaren diddige, da kuma ranar da hanya ta daskare ta yi ƙarfi kamar siminti. Da mai laushi in ka danna, idon sawu ya lanƙwasa, takalmi ya lanƙwasa, igiyar maɗauri ta ba da kai, abin da ya rage shi ke isa bakin allo. Da mai tauri ƙwaurinka na motsawa allo na amsawa. Sannan siririn allo ya fi saurin juyawa daga gefe zuwa gefe. Ban ce kowa ya koma ba, na ce wanda ya ga layin nan ya kasa barci, to ya gwada.

Mai Gyaran Allo:
Duk kun fara da allo, ni kuma da takalmi zan fara saboda shi ne ke korar mutane daga wasan nan. Malam Sabon Shiga, ka tsaya a kan takarda, diddige jikin bango, ka auna ƙafarka da santimita, dukka biyun domin ba lallai su zo ɗaya ba. Wannan lambar ita ce lambar takalminka, in 26.5 ce to 26.5, kar ka ƙara don wai ka ji daɗi. Takalmin da ya yi maka daɗi a shago cikin minti biyar, bayan kwana biyar safar cikinsa ta lotse ƙafarka na yawo, diddige na ɗagawa, sai ka fara matse maɓallai har jini ya daina zagayawa, yatsu su mutu da sanyi. Hanya mai sauƙi: zare safar ciki, saka ƙafa a kwanon robar, tura yatsu gaba har su taɓa, in ratar da ke bayan diddige ta wuce yatsa biyu ya yi maka yawa. Masu yin irin takalmin ba su da yawa, Deeluxe da UPZ da Mountain Slope su ne aka fi gani, kuma kowanne da siffar ƙafar da yake so, wani diddigensa matsattse wani gabansa faɗi, don haka sai ka saka da kanka. Nemi safar ciki wadda ake dumamawa ta ɗauki siffar ƙafa. Safa ɗaya siririya, ba biyu ba. Kuma don Allah kar ka ce za ka yi da takalmin siki, tafinsa ya yi tsawo kuma ba ya barin ƙwauri ya karkata yadda allo ke buƙata.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, na auna yanzu, dama 26.2 hagu 26.0, kuma takalmin da nake sawa 27.5 ne, ashe shi ya sa diddigena ke tashi. Yaya Tsohon Hannu tunda an taɓo gefen diddige, nan ne ciwona. Gefen yatsu ina jin allo ya kama, amma in na juyo gefen diddige sai wutsiya ta sulɓe, allo ya dinga karkarwa dar-dar-dar sai in tsinci kaina a zaune.

Tsohon Hannu:
Wannan kowa ya sha shi. Ba tare da na gan ka ba zan iya faɗa maka abin da kake yi: kana turo ɗuwawu waje kamar mai neman kujera, ƙafafu a miƙe, ƙirji ya sunkuyo kan yatsu, hannun baya na lilo a bayanka. A haka nauyinka ba ya kan bakin allo, yana can gefe. Ga abin da za ka yi, kuma da allonka na yanzu. Nemi shuɗiyar hanya mafi sauƙi, a Ostiriya da Jamus shuɗiya ba ta wuce gangaren kashi 25 cikin ɗari, ja kuma 40, to kai wadda ba ta ma kai 25 ɗin ba nake so. Ka miƙe allo ya kalli ƙasa, ka bari ya ɗan ɗauki gudu, sai ka ɗaga yatsu a hankali ka jira. Jiran nan shi ne duk sirrin, kar ka shuri wutsiya da ƙafar baya, kar ka murɗa kafaɗa, bari lanƙwasar gefen ta kai ka da kanta har allo ya hau sama ya tsaya. Sai ka waiwaya ka kalli sawunka. In layi ne siriri ka yi daidai, in shara ce mai faɗi ka sake. Yi goma ta diddige, goma ta yatsu, kafin ka fara haɗa su.

In ka zo haɗawa, ka shiga kwana nauyi ya ɗan fi a ƙafar gaba, ka fita ya dawo tsakiya zuwa baya kaɗan. Gwiwa a lanƙwashe, hannaye biyu a inda idonka ke ganinsu, hannun baya ka kawo shi wajen gwiwar gaba a gefen diddige, shi zai jawo ƙugunka ya dawo kan allo. Ido kuma can inda za ka, ba kan hancin allo ba. Sannan kar ka miƙa hannu kana neman taɓa ƙanƙara, wannan kuskuren ya kayar da mutane da yawa, in ka miƙa kafaɗa ta faɗi ciki allo ya kwanta ya saki. Ƙasa ce za ta zo ta same ka in ka kafa gefen sosai. Akwai lissafi a ciki ma, in ka kafa allo digiri 60 da'irar da zai yanka tana komawa kusan rabi, mai mita 12 ya ba ka kwanar mita 6. Burkinka ke nan: ka gama kowace kwana har ka tsallaka hanya, gudu ya ragu da kansa.

Uwar Biyu:
Daidai wannan tsallaka hanyar nake jira a ambata. Ƙanena ka saurare ni da kyau. Mai yanka yana tafiya ne daga wannan bakin hanya zuwa wancan, masu siki da ke tahowa daga sama kuma ba su saba da haka ba, suna zaton za ka ci gaba da gangarawa kamar kowa. Shekara uku da suka wuce wani ya shigo ni ta baya ina tsakiyar kwanar diddige, ban gan shi ba sam domin bayana ke kallon sama. Na ji ƙara a hular kwano, na farka ina kallon sararin sama, bakina cike da ƙanƙara, kafaɗata ta goce, sai a kan gadon ja masu ceto suka sauko da ni. A dokoki goma na FIS, hukumar wasan siki ta duniya, wanda ke gaba shi ke da hanya, na bayansa ne zai kauce, amma akwai kuma dokar da ta ce in za ka shiga hanya ko za ka tashi bayan tsayawa ko za ka nufi sama to sai ka duba sama da ƙasa, kuma mai yanka da ya cika kwana yana nufar sama. Ko da kai ke da gaskiya, gaskiya ba ta mayar da ƙashi. Yanzu kafin in tashi sai na bari ayari ya wuce, kuma duk kwanar yatsu sai na ɗaga ido na leƙa sama. In hanya ta cika na daina yanka, in sauka a hankali a gefe.

Hular kwano dole, kariyar baya ma ka saka, da ta wuyan hannu tunda shi ne abin da sababbi suka fi karyawa. In Italiya za ka koma ka sani tun Janairun 2022 sai da inshorar da za ta biya in ka ji wa wani rauni, ana iya haɗa maka ita wajen sayen tikitin lif. Ka ajiye 112, lambar agajin gaggawa, a wayarka, wayar kuma a aljihun ciki don sanyi na shanye batir.

Ɗan Gangara:
Allah Ya ƙara kiyayewa Anti, wannan kam babu musu a ciki.

Mai Bin Gasa:
Amin. Ni abin da ke ba ni mamaki yadda mutane ke ɗaukar allon yanka kamar wani baƙon abu, alhali lambar zinare ta farko da aka taɓa bayarwa a sinobod a Olamfik ta babban silalom ce, Nagano 1998, Ross Rebagliati na Kanada, a mata kuma Karine Ruby ta Faransa. Daga 2002 aka mayar da shi mutum biyu su sauko kafaɗa da kafaɗa. Philipp Schoch na Siwizalan ya ci 2002 ya sake ci 2006. Sai Ester Ledecká 'yar Jamhuriyar Cek, a 2018 ta ci zinare a siki ta kuma ci a allo a gasa ɗaya, ta ƙara na allo a 2022, shekarar da Benjamin Karl na Ostiriya ya ci na maza. Sabon Shiga ka nemi bidiyonsu ka rage gudunsa, ka kalli yadda saman jikinsu yake shiru ƙafafu ne kawai ke aiki.

Tsohon Hannu:
Ya kalla, amma ya san cewa salon gasa daban. Su burinsu su isa ƙasa da wuri, ba sa cika kwana, wani lokacin ma da gangan suke sulɓar da allo kafin su kafa. Dattijon da ya gani ba gasa yake ba. In kwanciya har ƙasa yake so, wannan salon wasu 'yan Siwizalan biyu ne suka yi suna da shi, Patrice Fivat da Jacques Rilliet masu allon Swoard, allonsu ya fi na gasa faɗi don takalmi kar ya taɓa ƙasa. Amma wannan karatun gaba ne.

Mai Gyaran Allo:
Taɓa ƙasar nan a kula da ita tun wajen ɗaura maɗauri. Ɗora takalmi a kan allo, ka kalla daga sama, ka juya maɗaurin har yatsu da diddige su daidaita da bakin allo ba su leƙo ba. A allo mai ƙugu 20 da ƙafa irin taka zai faɗo wajen digiri 55 gaba 50 baya. Kar ka ƙara fiye da abin da ake buƙata. Tazarar ƙafafu fara da santimita 48, ɗan ɗaga yatsun ƙafar gaba da diddigen ta baya in maɗaurin na da abin ɗagawa, za ka ji ƙugu ya sake. Abu ɗaya za ka dinga canzawa a lokaci guda, ka yi sauka uku kafin ka sake taɓa wani, kuma sukundireba a aljihu kullum, kowace safiya ka bi sukurori. Bakin allo a wasa shi digiri 88 ko 89. Da yamma ka goge shi da tsumma ya bushe, in ka bar shi a jaka da danshi da safe za ka tarar da tsatsa. Shafa wa cikin allo kaki kuma duk bayan kwana uku ko huɗu na hawa, in ka ga cikin allo ya fara fari-fari kusa da baki to yana jin ƙishi. In na hannu za ka saya, kwantar da shi a ƙasa ka ga ko tsakiyarsa na ɗagawa, ka duba ko bakin ƙarfen ya cinye, irin masu farantin ƙarfe a ciki kuma ka duba ko ya fara ɓarewa kusa da maɗauri.

Sabon Shiga:
Duk na rubuta. Saura wurin zuwa, hutun mako ɗaya nake da shi, Janairu ko Maris. Abokaina na cewa Zermatt ta Siwizalan.

Ɗan Gangara:
Zermatt akwai kyau, lif na kai ka har mita 3,883 a Klein Matterhorn ka gangara Italiya ta Cervinia, amma akwai siraran hanyoyi da shimfiɗaɗɗun wurare da mai allo zai cire ƙafa yana turawa. Ni Val Thorens ta Faransa zan ce, garin kansa yana mita 2,300, ƙanƙara ba ta ba da kunya, ga hanyoyin yankin da ake kira Kwaruruka Uku kilomita 600. Kuma Maris, rana ta yi tsawo, sanyi ya sassauta.

Uwar Biyu:
Kilomita 600 me zai yi da su? Mai koyon yanka hanya ɗaya yake buƙata, mai faɗi, marar jama'a, da lif mai sauri a gindinta. Kronplatz ɗin da ya baro ma ai irin wurin ke nan, tsauni ne mai kan ƙwarya, hanyoyi faffaɗa ta ko'ina. Livigno ta Italiya ma haka. Kuma ni Janairu nake so, bayan hutun sabuwar shekara an watse, kafin hutun makarantu na Fabrairu. Maris da safe hanya a daskare, kafin azahar ta zama kunu, hancin siririn allo ya nutse a ciki ya wurga ka ta gaba.

Ɗan Gangara:
A mita 2,300 zuwa sama da 3,000 ba ta zama kunu da wuri haka Anti, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa kusan digiri 6 da rabi. Amma maganar jama'a kin fi ni gaskiya.

Tsohon Hannu:
Ko wanne ka zaɓa, ka kasance a layin lif kafin a buɗe. Da dare motocin gyara sun bi hanya sun bar ta layi-layi kamar an taje, awa ɗaya da rabi na farko ya fi sauran yinin duka. Ranar farko kar ka takura kanka, iskar sama ba ta ƙoshi, ka sha ruwa da yawa. Tabarau da man kare fata ko da hadari, sabuwar ƙanƙara na mayar da hasken rana kusan kashi 80 cikin ɗari. Cinya in ta fara rawa ka tsaya, yawancin faɗuwa mai muni a saukar ƙarshe ake yinta. Kuma kar ka bi kowa wajen igiyar iyaka, can sai da na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne da shebur da sanda da wanda ya san wurin, allon yanka ma ba na can ba ne. In kana so ka gwada kaya kafin lokaci, Hintertux a Ostiriya na buɗe tun kafin hunturu, sai dai lif mai jan mutum a kan allonsa ya yi yawa a saman, ka koyi tafiya da ƙafar gaba kaɗai a ɗaure. Kafin ka biya masauki ka rubuta wa shagunan haya na wurin ka tambaya ko suna da allon yanka da takalminsa, da yawa ba sa ajiyewa, ka tambayi makarantar wurin ma ko akwai malamin da ke hawa mai tauri.

Sabon Shiga:
'Yan uwa na dawo, Janairun na yi kuma Kronplatz na koma. Ban ɗauki 185 ɗin ba. Kwana uku na farko da tsohon allona da takalmi 26.5 na haya, ina ta yin abin da Yaya ya ce, ɗaga yatsu da jira, a rana ta uku wajen ƙarfe tara na waiwaya na ga layi siriri tun daga inda na fara har inda na tsaya, na daɗe a durƙushe ina kallonsa. Rana ta huɗu na samu aron allo 168 da takalmi mai tauri. Saukar farko ji na yi kamar an ɗaure ni a turmi, ko tsayawa da ƙyar, amma zuwa ta biyar da na kafa gefen yatsu allon ya ja ni ya zagayo da wani irin ƙarfi har cikina ya ɗaga, ƙarar ma daban ce, wani siririn shuuu. Anti ina leƙa sama duk kwana. Abin da ya rage, ƙwaurin ƙafar baya ya yi min ciwo sosai har ya kumbura kaɗan, kuma gefen diddige in hanya ta ɗan yi tsayi har yanzu yana karkarwa a ƙarshen kwana.

Mai Gyaran Allo:
Barka da dawowa. Ƙwaurin nan duba biyu: ko akwai rata tsakanin harshen takalmi da ƙafarka yana bugunka duk kwana, ko takalmin baya a kulle yake a miƙe. Matse maɓallin sama, ka tabbata ba ka cusa wando a ciki ba, sannan ka ƙara wa na baya karkata gaba da ɗagin diddige kaɗan. Wane maɗauri suka ba ka, kuma digiri nawa?

Tsohon Hannu:
Karkarwar kuma kana makara ne, kana barin duk dannawar sai ƙarshen kwana. Kafa gefen tun allo bai kalli ƙasa ba, ka sassauta gwiwa a ƙarshe. In akwai wanda ya ɗauke ka bidiyo daga ƙasa turo mu gani, shan kwana sau uku a jere ya isa.